Babban Baƙi a Rubutun Turanci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunayen Yanka

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin ɗaliban sakandare masu shirin WAEC da NECO, da masu rubuta takardar neman aiki, da 'yan'uwanmu da suka yi boko da Faransanci sannan suka zo koyon Turanci. An bar misalan da Turancinsu, tunda shi ake koya.

Mece ce ainihin ƙa'idar, a taƙaice?

Sunaye iri biyu ne a nahawu. Akwai suna gama-gari, wanda duk wani abu na jinsin ke amsa shi: *city, river, girl, university*. Akwai kuma sunan yanka, wanda aka raɗa wa mutum ɗaya ko wuri ɗaya ko hukuma ɗaya domin a bambanta shi da sauran: *Kano, Benue, Hauwa, Bayero University*. Na farkon ƙaramin baƙi yake ɗauka, na biyun kuma babban baƙi, ko a ina ya faɗo a cikin jimla.

Idan ka yi kokwanto, ka tambayi kanka: wannan kalmar sunan da aka raɗa wa abin ce, ko kuwa bayanin irinsa take yi? Kusan duk amsoshin da ke gaba wannan tambayar ake maimaitawa a wurare daban-daban. Ban da sunan yanka, wurare biyu ne kawai babban baƙi ya zama tilas kullum: farkon jimla, da wakilin sunan nan *I*. Sauran wakilan suna, *he, she, you, we*, ƙanana ne a tsakiyar jimla.

Na san a sa wa sunan mutum da na gari babban baƙi, amma malami yana ta zagaye mini kalmomi da jan biro. Me ke faruwa?

Yawanci ba ƙarancin babban baƙi ne matsalar ɗalibanmu ba, yawansa ne. Mun taso da girmama na gaba, sai hannu ya riƙa ɗora babban baƙi a kan duk abin da zuciya ke ganin ƙimarsa: *my Father, our Teacher, the Hospital, Education is the key*. Na ƙarshen nan ya tsira ne kawai don ya zo a farkon jimla. Babban baƙi a Turanci ba rawani ba ne da ake naɗa wa mai daraja. Ɓarawon da aka ambaci sunansa yana samunsa, mahaifinka kuwa da ka kira *my father* ba ya samu.

Wani dalilin kuma shi ne da yawanmu da allo muka fara karatu, kuma rubutun Larabci da ajami ba su san wani abu babban baƙi da ƙarami ba. Sai kuma wayar hannu, inda mutum zai yi wata guda yana tura saƙo bai taɓa maɓallin babban baƙi ba. Abin daɗin shi ne, rubutun Hausar boko ya yi tarayya da Turanci a mafi yawan wuraren: muna rubuta Litinin, Janairu, Bahaushe, Katsina duk da babban baƙi. Wanda ya ƙware a ƙa'idojin rubutun Hausa ya riga ya ci fiye da rabin tafiyar.

Idan suna ya ƙunshi kalmomi da yawa, kowace za a sa wa babban baƙi?

Kowace muhimmiyar kalma, amma ban da ƙananan kalmomin haɗi irin su *of, the, and, for* idan sun zo a tsakiya. Haka ake rubuta *Central Bank of Nigeria, Ahmadu Bello University, Federal Capital Territory, Ministry of Health, Lake Chad, Kano State*. Ka lura da cewa *bank, university, lake* da *state* gama-gari ne a karan kansu, shigarsu cikin sunan ce ta ɗaga su. Da zarar ka cire su daga sunan sai su koma yadda suke: *She works at Ahmadu Bello University. The university is in Zaria.*

Kalmar *the* da ke gaban suna ba ta cika zama ɓangarensa ba, don haka *the United Nations, the Sahara, the Netherlands, the River Niger*. Akwai 'yan wuraren da suka fita zakka, inda *The* ɗin ke cikin sunan: birnin *The Hague* na ƙasar Holan, da ƙasar *The Gambia* kamar yadda take rubuta sunanta a hukumance.

Yaya ake yi da muƙamai, kamar shugaban ƙasa, gwamna, sarki da likita?

Nan ne aka fi tafka kuskure, kuma nan ne masana kansu suka fi saɓani. Abin da kowa ya yarda da shi: idan muƙamin ya zo manne da suna, a gabansa, ya zama ɓangaren sunan. *Prime Minister Abubakar Tafawa Balewa, Sir Ahmadu Bello, President Shehu Shagari, Dr Musa, Alhaji Sani, Hajiya Binta, Malam Garba.* Idan kuwa bayanin aikin mutum ake yi, ƙaramin baƙi ne: *Balewa became prime minister in 1957. My sister is a doctor. Many governors attended the meeting.* Sana'a ko kaɗan ba ta ɗaukar babban baƙi don ita kaɗai, ko injiniya ce ko lauya, duk da yadda ake ganin *I am a Civil Engineer* a takardun neman aiki.

Cikakkiyar sarauta da ke nuna kujera guda ana ɗaukar ta kamar sunan yanka: *the Sultan of Sokoto, the Emir of Kano, the Shehu of Borno, the Sardauna of Sokoto*. Amma idan an tara su, *the emirs and chiefs*, sun zama gama-gari.

Saɓanin yana wajen muƙami shi kaɗai alhali ana nufin mutum takamaimai: *the President said* ko *the president said*? Takardun gwamnati, musamman masu bin salon Birtaniya, da jaridun Najeriya da yawa, suna sa babba. Mafi yawan jaridun Amurka suna sa ƙarami. Dukansu sun karɓu. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya bar babban ga manyan kujeru guda-guda idan takamaiman mai kujerar yake nufi, ya kuma tsaya a kan zaɓinsa har ƙarshen rubutun. Akwai ƙarin bayani a tambayar da ke magana kan saɓanin jaridu.

To *mother*, *father* da *uncle* fa?

Ka duba ko akwai *my, your, his, our* ko *a* a gaban kalmar. Idan akwai, ƙarami ne: *my mother, his uncle*. Idan kalmar ta tsaya a madadin suna, kamar yadda muke kiran Inna ko Baba ba tare da ambaton sunansu ba, babba ne: *Good morning, Mother. I told Dad.* Haka idan ta zo manne da suna, *Uncle Sani, Aunt Ladi*, daidai da ƙa'idar muƙamai da aka yi bayani a sama.

Ranaku da watanni suna ɗaukar babban baƙi. Lokutan shekara ma haka ne?

A'a, kuma wannan na cikin wuraren da Turanci bai bi hankali ba, sai dai a haddace. *Monday, Friday, January, October* duk babba ne, amma *summer, winter, spring, autumn* ƙanana. Namu na gida ma haka: *harmattan, the rainy season, the dry season*. Watannin Musulunci sunaye ne kamar na boko, saboda haka *Muharram, Ramadan, Shawwal*. Bukukuwa da ranakun hutu masu suna su ma babba: *Sallah, Eid al-Fitr, Christmas, Easter, Independence Day, Democracy Day*. Kalmar *holiday* ko *festival* ita kaɗai kuwa ƙarama ce, sai in ta shiga suna kamar *Argungu Fishing Festival*.

Wasu kalmomin ma'anarsu gaba ɗaya ta rataya ne a kan baƙin farko. *March* wata ne, *march* maci ne na soja. *May* wata ne, *may* kalmar neman izini ce. *Turkey* ƙasar Turkiyya ce, *turkey* talotalo.

Da Faransanci na yi karatu a Maraɗi. Ina ne ƙa'idar Turanci ta bambanta da wadda na sani?

Wurare huɗu za ka sa wa ido, kuma wannan ya shafi 'yan'uwa na Damagaram, da na Chadi, da na yankin Kamaru mai amfani da Faransanci. Faransanci yana rubuta ranaku da watanni da ƙaramin baƙi, *lundi, janvier*, Turanci kuwa *Monday, January*. Faransanci yana rubuta sunan harshe da ƙarami, *le haoussa, l'anglais*, Turanci *Hausa, English*. Sifar da aka ciro daga sunan ƙasa ƙarama ce a Faransanci, *un étudiant nigérien*, amma babba a Turanci, *a Nigerien student*. Na huɗu shi ne wakilin suna: *je* ƙarami ne a tsakiyar jimla, *I* kuwa ba ya taɓa ƙanƙancewa. Ka kuma kiyaye da harafi guda da ke raba maƙwabta: *Nigerien* ɗan Nijar ne, *Nigerian* ɗan Najeriya.

Sunayen darussan makaranta fa? Na ga an rubuta *English* da babba amma *chemistry* da ƙarami a jimla ɗaya.

Daidai ne. *I like chemistry, history and English.* Darasi gama-gari ne, amma harshe sunan yanka ne, don haka *English, Hausa, Arabic, French* ba sa sauka ko a matsayin darasi. Wannan ya haɗa da ƙabilu da al'ummomi da duk sifar da aka ciro daga sunan wuri: *Fulani, Kanuri, Yoruba, Ghanaian, Sudanese, African*. Har a tsakiyar sunan darasi sifar na riƙe babbanta: *African history, Islamic studies*.

Darasin yana samun babban baƙi ne idan ya shiga cikin sunan sashe ko na kwas takamaimai: *Department of Chemistry, Chemistry 101*. Digiri ma haka: cikakken sunansa *Bachelor of Science*, amma *a bachelor's degree* ko *a degree in economics*.

Yaushe ake rubuta *north* da ƙarami, yaushe kuma *North*?

Idan nuni kake yi da hannu, wato shiyyar da za a fuskanta, ƙarami ne: *Daura is north of Kano. Face east.* Idan kalmar ta zama sunan yanki ko ƙasa, babba ne: *West Africa, the Middle East, North Korea*, da *the North* idan ana nufin Arewa a siyasar Najeriya.

Misalan da suka fi fito da bambancin su ne masu tagwaye. *South Africa* ƙasa ce guda, *southern Africa* kuwa kudancin nahiyar ne, har da Zambiya da Botswana. *South Sudan* ƙasa ce da ta samu 'yanci a 2011, kafin nan *southern Sudan* ake cewa. A gida ma, *Northern Nigeria* da babban baƙi suna ne na hukuma a tarihi: yankin mulkin mallaka da Turawa suka kafa a 1900 aka haɗe shi da Kudu a 1914, sai kuma *Northern Region* wadda ta kasance har 1967 lokacin da aka ƙirƙiro jihohi 12. Idan yau kake bayanin inda ake noman gero, *northern Nigeria* ya wadatar, ko da yake marubuta da yawa a Arewa suna sa babba, kuma ba a cika ɗaukar hakan kuskure ba.

Kalmomin addini duk babban baƙi ake sa musu?

Sunayen Ubangiji, da na addinai, da na mabiyansu, da na littattafai masu tsarki, da na wurare masu suna, duk babba: *Allah, God, Islam, Muslim, Christianity, Christian, the Qur'an, the Bible, the Kaaba*. Haka *Prophet Muhammad*, da *the Prophet* idan shi ake nufi, amma *the prophets* idan an haɗa annabawa. Kalmar *god* da ƙarami ana amfani da ita ga gumaka da abubuwan bautar wasu al'ummomi.

Inda hannu ke zarcewa shi ne ga kalmomin ibada na yau da kullum. *Mosque, church, prayer, fasting, imam, pastor* gama-gari ne, sai in sun shiga suna kamar *Abuja National Mosque* ko *Imam Malik*. Wakilin sunan da ke komawa ga Allah, *He* da *His*, al'adar marubutan addini ce su sa masa babba, Musulmi da Kirista, kuma ba wanda zai kama ka da laifi. Wannan ne kusan wuri ɗaya tilo da Turanci ya bar girmamawa ta yi hukunci.

Ana rubuta *Naira* ne ko *naira*? Sunayen cututtuka da ma'aunai fa?

Kuɗi ba sunan yanka ba ne. Tun da naira ta maye gurbin fam a 1973, rubutunta a tsakiyar jimlar Turanci *naira* ne da *kobo*, kamar *dollar, pound, cedi*. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ganin ta da manyan baƙaƙe a jikin takardar kuɗi da ta banki. Idan akwai sunan ƙasa a gaba, shi kaɗai ke ɗaukar babba: *the Ghanaian cedi*.

Cututtuka ƙanana ne, *malaria, cholera, typhoid, measles*, sai wadda aka sa wa sunan wuri ko mutum. *Lassa fever* ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno inda aka gano ta a 1969, *Ebola* kuma daga wani kogi a Kwango a 1976. Ka lura *fever* ɗin ba ta tashi ba.

Akwai kuma sunayen mutane da suka daɗe a bakin jama'a har suka zama gama-gari. Man *diesel* sunan injiniya Bajamushe Rudolf Diesel ne, *boycott* sunan Charles Boycott ne wanda manoman Ayalan suka ƙaurace wa a 1880, amma yau duk ƙanana ake rubuta su. Ɗaliban kimiyya su riƙe wannan: ma'aunan da aka sa wa sunan masana ƙanana ne idan an rubuta su cikakku, *watt, newton, volt*, amma alamarsu babba ce, *W, N, V*. *Celsius* ya riƙe babbansa a *degrees Celsius*.

Yaya zan rubuta sunayenmu na Hausa a cikin Turanci, musamman masu “ɗan” da “'yar”?

Sunan gari mai kalmomi biyu kowace na ɗaukar babba: *Birnin Kebbi, Sabon Gari, Tudun Wada*. Idan suna ya fara da tagwan baƙi kamar *sh* ko *ts*, na farkon kawai ake ɗagawa: *Shehu, Tsafe*. A sunan mutum, “ɗan” da ke tsakiya da ma'anar ɗan wane yawanci ƙarami ake barinsa a littattafan tarihi na Turanci, kamar *Usman dan Fodio*. Idan ya manne ya zama sunan iyali, babba ne: *Dangote, Danjuma, Yar'Adua*. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa suna da manyansu, Ɓ, Ɗ, Ƙ, kuma babu abin da ya hana ka sa su a rubutun Turanci, sai dai a fom na jarrabawa ko na banki ka bi yadda sunan yake a takardunka na hukuma harafi da harafi.

Wasu al'ummomin ma suna da irin waɗannan ƙananan kalmomi a tsakiyar suna: *Charles de Gaulle, Vincent van Gogh*, da *bin* ko *al-* na Larabawa. Ƙa'idar ita ce a bi yadda mai sunan ke rubuta abinsa. Haka ake yi wa kamfanoni da kayayyakinsu: *iPhone, WhatsApp, YouTube*.

A wasiƙa da kan rubutu, ina ake sa babban baƙi?

A gaisuwar buɗewa: *Dear Sir, Dear Madam, Dear Uncle*. A rufewa kuwa kalmar farko kaɗai: *Yours faithfully, Yours sincerely*. Rubuta *Yours Faithfully* na cikin kurakuran da suka fi yawa a takardun jarrabawa, kuma gyaransa bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. Adireshi duk sunayen yanka ne, *Zoo Road, Kano*, da muƙamin wanda aka rubuta wa, *The Principal*.

Kan rubutu yana da hanya biyu. Ko dai a rubuta shi duka da manyan baƙaƙe, ko a ɗaga baƙin farko na kowace muhimmiyar kalma a bar ƙananan kalmomin haɗi, kamar yadda aka bayyana a tambayar suna mai kalmomi da yawa: *The Effects of Drug Abuse on Youths*. Kalmar farko babba ce ko da *the* ce ko *a*.

Me ya sa jaridu da littattafai ke saɓawa juna? Wa zan bi?

Saboda Turanci ba shi da wata hukuma guda mai yanke hukunci, kowane gidan jarida ko maɗaba'a na da kundin salonsa, kuma al'adar tana sauyawa. A ƙarni na 18 marubutan Turanci kan ɗora babban baƙi a kan sunaye gama-gari barkatai. Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 cike yake da irin su *People, Justice, Liberty* a tsakiyar jimla. Jamusanci har gobe kowane suna babban baƙi yake ba shi. Turanci kuwa tun daga lokacin raguwa yake yi. Kamfanin dillancin labarai na AP ya daina rubuta *Internet* da babba a 2016, ya koma *internet*. Gajerun sunaye ma haka: wasu jaridun Birtaniya na rubuta *Nato* da *Unesco*, wasu *NATO* da *UNESCO*.

Saɓanin bai taɓa asalin ƙa'idar ba. Babu jaridar da ke rubuta *kano* ko *monday*. A gefe-gefe ne ake ja-in-ja: muƙami shi kaɗai, sunan yanki, sababbin kalmomi. Idan makarantarka ko ofishinka na da salon da suke bi, shi za ka bi. Idan babu, ƙamus mai kyau zai nuna maka ko kalmar na farawa da babba, domin yadda aka jera ta a ciki haka ake rubuta ta.

Da gaske ana rage maki a WAEC saboda wannan? In na rubuta komai da manyan baƙaƙe ba na tsira ba?

Ana ragewa. A tsarin makin insha'i na WAEC akwai kaso na musamman, maki 10 cikin 50, da aka ware wa tsabtar rubutu: nahawu, rubutun kalma daidai, da alamomin rubutu. Kowane kuskure rabin maki yake ci, kuma fara jimla ko sunan yanka da ƙaramin baƙi, da rubuta *i* a maimakon *I*, suna cikin abin da ake ƙirgawa. Kurakurai 20 sun isa su cinye kason gaba ɗaya, kuma ɗalibin da ya saba da rubutun waya zai iya tara su tun bai gama shafin farko ba.

Dabarar rubuta insha'i duka da manyan baƙaƙe ba ta fitar da kowa, don mai duba takarda ba zai ga shaidar ka san ƙa'idar ba. Manyan baƙaƙe zalla na fom ne da ya nemi haka, da kan rubutu, da gajerun sunaye irin su *WAEC, NECO, JAMB*. A saƙon waya ko imel kuwa ana ɗaukar su tamkar tsawa. Masu rubutun hannu su kuma kula da baƙaƙen da babbansu da ƙaraminsu siffa ɗaya ne, *c, k, o, p, s, u, v, w*, domin girman ne kaɗai ke raba su, kuma *s* ɗin da ta ɗan yi tsawo a tsakiyar jimla za a karanta ta a matsayin babba. Idan ka gama rubutu kana da sauran minti biyar, ka bi takardar sau ɗaya kana duba abin da ya biyo bayan kowace aya, sannan ka sake bi kana tsayawa a kan kowane babban baƙi da ke tsakiyar jimla ka tabbatar sunan yanka ne ko *I*.